Tsiren Ayaba

Ayaba huɗu suka kwana uku a kan firij,
ragowar cinikin yamma a Farin Gada.
Jikinsu ya yi ɗigo-ɗigo kamar zabuwa.
Na ɗauka zan kai bola,
Mardiyya ta kama mini hannun riga:
"Baba, ai yanzu ne suka yi daɗi."

Ni bakanike ne a Dilimi.
Daga tari nake gane injin da ke jin ƙishin mai,
amma ban san juyi nawa cokali ke yi
kafin bota da sukari su sasanta ba.
Uwarta tana Vom, kwas ɗin jinya,
ta bar mana tukwane da lambar waya.

Muka dame ayabar da bayan cokali.
Fulawa gwangwanin madara uku.
Ƙwai biyu, ɗaya ya faɗa da ɓawonsa,
na kai farce zan tsamo,
farcen da baƙin mai ya yi wa lalle.
Ta harare ni.
Na koma famfo, ni da sabulu, karo na uku.

Ba mu da oben.
Mama Kangyang ta leƙo ta katanga:
"Ku zuba yashi a gindin tukunya,
ku ɗora kwano, ku rufe.
Ko ƙamshi ya durƙusa yana roƙo, kar ku buɗe."
Na buɗe sau biyu.

Kek ya fito, gefe guda ya sha wuta,
amma ya tashi, ya yi tozo.
Ina tsaye ina kallonsa
kamar motar da ta tashi a bugu ɗaya,
sai yarinyar nan ta ce, "To, marmashe shi."

"In yi me?"

"Ka marmashe shi, Baba. Duka."

Na daɗe hannuna a sama.
Can na tuna ba a taɓa kawo mini inji
na gyara shi a ɗaure ba.
Sai an kwance, an baje a kan buhu,
noti nan, wasa can,
mai mota yana salati.
Na sa yatsu goma.
Da ɗuminsa ya ruguje, bai yi gardama ba.

Madara kaɗan, bota kaɗan, muka cura.
Nata ƙanana, sumul, kamar ƙwan tantabara,
nawa kuwa dunƙulen fura.
Tsinke daga wurin Sale mai tsire,
ya ba ni ashirin yana dariya:
"Yau kuma ayaba za a tsire?"

Cakulan ya narke a kan ruwan zafi.
Na farko ya zame daga tsinke
ya nutse, bai ko yi sallama ba.
Muka ceto shi da cokali, muka raba,
don kada a bar shaida.

Ana haka aka ɗauke wuta.
Firij ya koma kabad.
Ta ɓata fuska, leɓe ya fara rawa,
sai ruwan Agusta ya sauko daga kan duwatsu.
Na kife matsami a bakin taga,
muka soke su rami-rami,
muka bar wa sanyin Jos sauran aikin.
Bai karɓi ko kwabo ba.

Goma sha bakwai.
Uku sun karkace kamar masu gyangyaɗi a lakca.
Ta haska su da tocilan ta kira Vom,
na ji dariyar uwar tana yankewa, tana dawowa:
"Wa ya wanke tukunyar?"
Babu wanda ya amsa.

Da safe ta jera su a roba sai makaranta.
Da azahar, ina kwance ƙarƙashin wata tsohuwar Golf,
na miƙa hannu akwati neman sifana goma sha uku,
na taɓo leda.
Mafi karkacewar ne, ɗaya daga cikin nawa.
A nan kwance na cinye shi,
mai yana ɗiga kusa da kunnena,
tsinken kuma na soke a aljihun gaba.